Laburare Da 'Ya'yanmu 'Yan Sakandare

Zancenmu na yau a kan 'ya'yanmu ne da ke makarantun sakandare, musamman na ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, da yadda za a haɗa hannu tsakanin makarantarsu da laburare, wato ɗakin karatu, domin su koyi abin da ake kira bincike. Kada wadda ta ce ai wannan zancen 'yan boko ne ta tashi ta koma madafi. Ki ɗan zauna, don akwai rabonki a ciki, kuma rabo ne babba.

Bari mu fara da kalmar kanta. In an ce bincike, yawancinmu abin da ke faɗo mana a rai shi ne ɗan sanda ya shigo gida yana ɗaga katifa. A makaranta ba haka ake nufi ba. Bincike shi ne yaro ya ɗauki tambaya guda ɗaya, ya nemi amsarta a wurare daban-daban, ya auna wace amsa ta fi ƙarfi, sannan ya rubuta abin da ya samu da kalmominsa, yana faɗin inda ya samo kowane abu. Ke ma kina yin irinsa ba tare da kin sa masa suna ba. Ranar da aka zo neman auren 'yarki, ai ba ki tsaya ga maganar wanda ya kawo zancen ba. Kin aika an tambayi maƙwabtan yaron, an tambayi abokan sana'arsa, kin sa an ji ta bakin wadda ta san uwarsa, kin kuma lura da cewa wance da ta ɓata shi suna da tsohuwar rigima da gidansu, saboda haka ba ki ɗauki maganarta duka ba. To wannan aikin ne ake son yaro ya iya yi a kan darasi, da littafi da alƙalami.

Kuma abin ba baƙo ba ne a addininmu. A cikin Suratul Hujurat, aya ta 6, an umurce mu da tantance labari kafin mu yi aiki da shi, don kada mu cutar da bayin Allah cikin rashin sani mu dawo muna nadama. Malaman hadisi kuwa, irin su Imamul Bukhari, gari-gari suka riƙa bi suna neman wanda ya ji daga wanda ya ji, suna duba ko mutumin mai gaskiya ne, ko yana da riƙo, ko ma ya taɓa haɗuwa da wanda ya ce ya ji daga bakinsa. Wannan salsala ita ake kira isnadi. Duk 'yar Islamiyya ta san ba a cewa "Annabi ya ce" sai a tambaye ki wa ya ruwaito. Abin mamaki, yarinyar da ta san wannan da yamma a Islamiyya, ita ce kuma da safe a boko za ta kwafe abin da ke kan allo ta haddace, ba ta taɓa tambayar daga ina aka samo shi ba.

Laifin ba nata ba ne. Haka aka saba koyarwa: malami ya rubuta, ɗalibi ya kwafa, ranar jarabawa ya mayar masa da abinsa. Da wannan ana iya cin WAEC da NECO, ba musu. Matsalar tana jiran yaro ne a gaba. Ranar da ya shiga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, ko Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ko makarantar koyon jinya da ungozoma, sai malami ya ba shi tambaya ya ce je ka ka nemo, nan da mako biyu ka kawo. Yaron da bai taɓa shiga laburare ba sai ya tsaya a bakin ƙofa kamar baƙauye a tasha. Daga nan sai ya nemi mai yi masa a biya shi, ko ya kwafo na wani ya sa sunansa, wanda a jami'a laifi ne da ake hukunci a kansa. Kuɗin da kika tara da adashi da sana'ar ƙuli-ƙuli kika tura shi karatu, kin ga sun tafi wurin mai shagon kwamfuta.

Yadda laburare yake a ciki

Da yake da yawa daga cikinmu ba mu taɓa shiga ba, bari in ɗan zagaya da ku. Laburare ɗaki ne, ko gini, da aka jera littattafai a kan kantoci, da tebura da kujeru, ba a hayaniya, ba a cin abinci. Jerin littattafan ba na son rai ba ne. Kamar yadda kike jera kwanukanki, tasoshi wuri guda, samira wuri guda, haka su ma. Mafi yawan ɗakunan karatu na jama'a da na makarantu suna bin wani tsari da wani Ba'amurke mai suna Melvil Dewey ya fito da shi a 1876, inda ya raba ilimi gida goma ya ba kowane gida lamba. Littattafan addini suna gidan 200, na Musulunci a cikinsu 297. Kimiyya tana 500. Kiwon lafiya 610, noma 630. Tarihi da labarin ƙasa suna gidan 900, tarihin Nijeriya kuwa 966.9. Ana liƙa lambar a ƙashin bayan littafi. Yaron da ya san wannan, ko Legas aka kai shi ko Landan, in dai da wannan tsarin suke aiki, kai tsaye zai nufi kantar da yake so. Jami'o'i su galibi wani tsari suke bi mai haɗa haruffa da lambobi, amma hikimar ɗaya ce.

Akwai littattafan da ake ba da aronsu na 'yan kwanaki, a rubuta sunanka da ranar dawowa. Akwai kuma waɗanda ba sa fita, sai dai a duba a nan, irin su littafin taswira da ƙamus. Misali ƙamusun Bargery na 1934, ko Ƙamusun Hausa da Jami'ar Bayero ta fitar a 2006. Sannan akwai mutum, kuma shi ya fi komai muhimmanci: ma'aikacin laburare. Mutane na ɗaukarsa mai gadin littafi da kakkaɓe ƙura. Alhali karatu ne ake yi har digiri, a Zariya da Kano da sauran wurare. Aikinsa ya nuna wa yaro yadda ake duba fihirisa a gano shafin da ake so ba sai an karance littafi duka ba, yadda ake duba shekarar da aka buga littafi don a san ko bayaninsa ya tsufa, da yadda ake rubuta sunan marubuci da shafi a gefen abin da aka ɗauko.

Manufar ilimi ta ƙasa ta ce kowace makaranta ta kasance da laburare mai aiki. Ki tambayi ɗanki yau da dare ko akwai a tasu, in akwai yaushe rabonsa da shiga. A makarantu da dama za ki ji ɗakin yana nan amma a kulle, ko an mai da shi wurin ajiye karyayyun kujeru, ko akwai littattafai amma malamin da aka ɗora wa mabuɗin yana da azuzuwa shida da yake koyarwa. Shi ya sa ake maganar haɗin guiwa. Makaranta tana da yara ba ta da littafi da gwani. Laburaren gwamnati yana da littafi da gwani, amma sau da yawa kujerunsa ba kowa sai lokacin jarabawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga yadda wasu suka yi. A birnin Nashville na Amurka, tun 2009 aka haɗa laburaren gari da makarantun gwamnati. Ɗalibi yana makarantarsu zai zaɓi littafin da yake so daga cikin na laburaren gari, mota ta kawo masa har makaranta, in ya gama ta mayar. A Kenya kuwa, a yankin Garissa na makiyaya inda hanyar mota ta yi wuya, a 1996 hukumar ɗakunan karatu ta ƙasar ta fara ɗora akwatunan littattafai a kan raƙuma ana kai wa yara. Mu ma nan Arewa mun taɓa yin irinsa. Zamanin En'e akwai ɗakunan karatu a manyan garuruwa, aka kuma kafa babban laburaren Jihar Arewa a Kaduna a 1952, wanda ya riƙa aika littattafai cikin akwatuna zuwa garuruwa da makarantu, in an gama a mayar a sauyo wasu.

Kai, me ya kai mu Amurka ma? Mu matan kulle ai mun fi kowa sanin wannan tsari. Wacece a cikinmu ta manta zamanin hayar littafi? Littattafan su Hajiya Bilkisu Funtuwa da Balaraba Ramat Yakubu, yarinya ce ke ɗauko su cikin leda, gida-gida, a biya kuɗin kwana, a rubuta sunan wadda ta karɓa, in kin yaga bango ki biya. Na ɗaya yana gidan wance, na biyu yana hannun amaryar gidan liman, kowa ta san layinta. Wannan fa laburare ne sak, kuma mata ne suka gudanar da shi ba tare da sun taka ƙofar gida ba. Tun kafin nan ma, Nana Asma'u 'yar Shehu ta riƙa aika jajis ɗinta da karatu zuwa ga matan ƙauyuka da ba su iya zuwa wurinta. In littafin soyayya ya iya zagaya unguwa ya dawo lafiya, littafin kimiyya ma zai iya.

Me ya sa na ware Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa? Kun fi ni sanin dalili. Garuruwa ne na bakin daji, Ƙanƙara da Faskari suna iyaka da Zamfara, Sabuwa da ƙasar Birnin Gwari. Daren Juma'a 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara suka kwashi yara, sai ranar 17 ga wata aka sako 344. Aka rufe makarantun kwana. A Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan uku, aka yi watanni ba kira ba intanet. A Nuwamba 2025 ma an sake rufe makarantun gwamnati a faɗin jihar saboda tsoron satar ɗalibai. Duk lokacin da aka rufe makaranta, yaron da ilminsa duka a bakin malami yake, karatunsa ya tsaya cak. Wanda kuwa aka koya wa yadda zai buɗe littafi ya nemo abu da kansa, ko a zaure yake zai ci gaba da ɗan motsawa. Kuma watannin nan na rashin layi sun nuna mana cewa masu cewa waya ta wadatar, littafi ya zama tsohon yayi, sun yi gaggawa.

Akwai wani dalilin da ya fi wannan kusa da rai. A ƙasar da ake zaman ɗar-ɗar, jita-jita tana iya kisa. Saƙon murya ya shigo WhatsApp cewa ga su nan sun taso, gari ya watse, mai ciki ta faɗi, yaro ya ɓace, ashe muryar ta bara ce, daga wata jiha ma. Ko a nuna hoton wani bawan Allah a ce shi ke kai musu rahoto, kafin a tantance an yi masa aika-aika. A ɗaya gefen kuma akwai gargaɗin gaskiya da aka yi wasa da shi saboda an gaji da na ƙarya. Gidan da ke da yaro ko yarinya da aka horar su tambayi wa ya faɗa, yaushe, ya gani da idonsa ko ji ya yi, akwai wani da ya tabbatar, gidan nan ya samu abin da kuɗi ba ya saye. A ganina ko don wannan kaɗai ya isa a koya wa 'yan sakandaren yankin nan bincike.

To a aikace yaya haɗin zai kasance? Jihar Katsina tana da hukumar kula da ɗakunan karatu mai hedikwata a birnin Katsina da rassa a wasu manyan garuruwa. Shugaban makaranta shi zai rubuta musu, ya nemi abu biyu. Na farko akwatin littattafai na aro a kowane zango, ya sa hannu ya karɓa, ƙarshen zango a mayar a sauyo. Na biyu a turo ma'aikaci ko sau ɗaya a zango ya zauna da 'yan aji huɗu da biyar. Wannan ya fi a ce an kwashi yara cike da mota an bi hanya da su, don a halin da yankin ya shiga ya fi sauƙi littafi ya yi tafiya yaro ya zauna. Amma akwatin kaɗai ba ya koyar da kowa. Sai malamin darasi da ma'aikacin laburare sun zauna tun farkon zango sun yarda a kan tambayoyin da za a ba yara, shi malami ya ce ga abin da nake koyarwa, shi kuma ya zaɓo littattafan da suka dace. In ba haka ba za a aiko da abin da ya yi kwantai a kanta, a buɗe akwati a tarar da littattafan noman alkama na ƙasar Turai. Jami'o'in ma ana iya ƙwanƙwasa ƙofarsu, har da ta Ahmadu Bello a Zariya mai babban laburaren Kashim Ibrahim, wadda daga Funtuwa ba wata tafiya ba ce. Suna da ɗalibai masu koyon aikin laburare da ake tura su aikin gwaji, kuma cikinsu ba a rasa 'yan asalin yankin da ke dawowa gida hutu. Makarantun da suka samu kwamfuta ta shirin AGILE na ilimin 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 kuma Katsina na cikin jihohi bakwai na farko, su ma wannan gwanin suke bukata, don kwamfuta ba ta gaya wa yarinya wane shafi ne na gaskiya.

Inda uwa ta shigo

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki. A ce malamin noma ya ba wata 'yar aji biyar a Faskari tambaya: me ya sa noman auduga ya ja baya a ƙasarmu? Tambaya ce mai kyau, don kowa ya san kudancin Katsina gidan auduga ne, Funtuwa da injin gurzarta, Daudawa da gonakinta.

Wurin farko da za ta je ba ya bukatar izinin fita, domin ɗakin kakarta ne. Ta zauna da littafin rubutu ta tambayi Iya yadda suke gurza auduga da magurji, su shiɓe ta da baka, su yi kaɗi da mazari da alli, wane ne abawa wane ne arafiya, nawa ake sayar da zare, su wa ke saye, kuma yaushe ta ajiye mazarin ba ta sake ɗauka ba. A nan ne gwanin bincike zai koya mata wata dabara. Tsohuwa ba za ta ce miki shekara kaza ba. Sai a tambaye ta, lokacin an canza kuɗi ko da saura? An daina fam da sule an koma naira da kwabo a Janairu 1973. Motoci sun koma hannun dama? Wannan 1972 ne. An kashe Murtala? 1976. In ta ce ai lokacin ina goyon babanku, an yi canjin kuɗi da shekara biyu, to yarinya ta samu shekara. Za kuma ta raba shafinta biyu: abin da Iya ta gani da idonta, da abin da ta ji an ce. Daga nan ta tambayi mahaifinta ko baffanta yadda ake kai auduga fuloti, wa ke yanka farashi, ina ake samun iri.

Sai ta koma littafi. A nan za ta tarar cewa a 1986 gwamnatin tarayya ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta auduga. Za ta tarar cewa Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ita ke fitar da ingantaccen irin auduga. Za ta karanta yadda manyan masaƙun Kaduna suka yi ta rufewa daga farkon shekarun 2000. Yanzu fa aiki ya zo. Baffa ya ce rashin iri mai kyau ne. Baba ya ce masara da waken soya sun fi kawo kuɗi. Littafi ya ce mutuwar masaƙu da shigowar yadin waje. Maƙwabci ya ce gonar ma ba ta shiguwa. Wanne za ta ɗauka? Za ta jera su, ta duba wanne ya riga wanne, ta ga cewa audugar ta fara ja da baya tun kafin rashin tsaro ya yi ƙamari, saboda haka ba zai zama shi ne mafari ba, ko da ya ƙara dagula abin. Ranar da yarinya ta iya faɗin wannan da bakinta, ta kuma nuna dalili, ta yi bincike.

Kada ki raina wannan hanya don an fara ta daga ɗakin tsohuwa. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, wanda ya rasu a 2005, da ya tashi rubuta littafinsa na tarihin ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda aka buga a 1981, bai tsaya ga takardun Turawa ba. Ya bi garuruwa yana zama da dattawa, yana haɗa abin da suka faɗa da rubuce-rubucen malamai na Larabci da takardun gidan adana tarihi na Kaduna, yana auna kowanne. Kuma tambayoyi irin waɗannan ba su ƙarewa a yankinmu. Me ya sa hakimin Ƙanƙara ake ce masa Sarkin Pauwa, na Faskari Sarkin Yamma, na Sabuwa Kogo? Farar ƙasar da ake haƙa a Ƙanƙara ina ake kai ta, me ake yi da ita? Waɗanne waƙoƙin niƙa da daɓe ne suka rage a bakin tsofaffi? Wannan ta ƙarshe ma namiji ba zai iya samo ta ba, sai 'ya mace, kuma duk tsohuwar da ta rasu ta tafi da nata.

Sai dai ga kashedi, kuma ina roƙon malamai su ji. Kada a ba yaro tambayar da za ta jefa shi cikin haɗari. Ba a aika ɗalibi ya binciko su wa ke daji, wa ke hulɗa da wa, ko ya ɗauki hoton jami'an tsaro. Wanda aka yi hira da shi kuma a nemi yardarsa kafin a rubuta sunansa, in ya ce a'a a rubuta "wani dattijo" a wuce. Duk aikin da zai fitar da 'yan mata daga makaranta a yi shi da rana, cikin gari, tare da malama, da sanin iyaye.

Maganar waya kuma, tunda ita ce a hannun yaran. Ba haramun ba ce, tana da amfani ƙwarai, har jarabawar JAMB ma tun 2015 da kwamfuta ake yin ta. Amma ki sani shafi irin Wikipedia, har da na Hausa, kowa na iya rubutu a ciki. Manhajojin nan na ƙirƙirarriyar basira da ake tambaya su ba da amsa nan take, sukan shirya magana tsaf mai daɗin ji, da sunan littafi da shekara, a je a duba a tarar babu littafin. In ɗanki ya ce ai a waya na gani, amsar ba ta cika ba. Ki ce masa, a wayar wa ya rubuta? Ba sai kin iya Turanci za ki yi wannan tambayar ba.

Abin da ya rage shi ne na cikin gida, kuma na san a nan gizo ke saƙa. Yarinya ta dawo makaranta, ga wanke-wanke, ga talla, ga Islamiyya, ga raino. In kika ɗauke mata awa ɗaya bayan isha'i, kika bar mata fitilar sola, kin yi naki. Littafin aro amana ne, a sama masa leda da wuri a saman kwaba ko cikin akwati, nesa da man ja da gara da hannun ƙanne. Masu suyar ƙosai da awara, don Allah a duba takarda kafin a yaga a ƙunsa. In littafi ɗaya ya ɓace a akwatin, makaranta ce za ta biya, kuma mai yiwuwa zango mai zuwa a ƙi aiko da wani, yara ɗari su yi asara saboda gida guda.

Sannan kina da murya ko ba ki fita. Kowace makarantar gwamnati ana son ta kasance da ƙungiyar iyaye da malamai, da kuma kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wanda ake kira SBMC, kuma a tsarinsa akwai kujerar mata. Ki nemi sanin wacece ke wakiltarku, ki aika mata. Maigida kuma a same shi lokacin da ya ci ya ƙoshi ya huta, a ce, Malam, in an kira taron iyaye don Allah a tambayar mana shugaban makaranta, ɗakin karatun nan a buɗe yake, kuma an taɓa rubuta wa hukumar laburare a nemi aron littattafai? In maza biyar suka yi wannan tambaya a taro ɗaya, za a rubuta takardar. A cikin gari ma akwai tsofaffin malaman makaranta da ma'aikatan gona da suka yi ritaya, da akwatunan littattafai a ƙarƙashin gado. Matansu suna cikin masu saurarenmu. Hajiya, a yi wa Alhaji magana, ya ba makaranta aro a rubuce, a buga hatimi, da sunansa a bangon kowane littafi.

Lokaci ya yi mana halinsa. Masu aiko da wasiƙa, muna son jin yadda ɗakin karatun makarantar garinku yake, da kuma amsar da aka ba maigida in ya yi tambayar. Allah ya ba mu zaman lafiya a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da ƙasa baki ɗaya, ya shirya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.